Jami'a, zo ki zauna a unguwa

Wata shekara da bazara, lokacin da zafin Garwa, a arewacin Kamaru, ke hana mutum sakat tun da hantsi, 'yar ƙanwata da ke karatu a jami'a ta sauka gidanmu tare da ƙawayenta biyu, kowacce da damin takardun tambayoyi a jaka. An turo su bincike ne kan yadda iyalai ke rayuwa a tsofaffin unguwannin gari. Ƙawayen 'yan kudu ne, ba Hausa ba Fulatanci, ita kuma nauyin manyan unguwa take ji. Ta ce, "Kawu, don Allah ka raka mu, in kana wurin za su saki jiki." Na ɗauki hula muka fita.

Gida na uku da muka shiga na wata tsohuwa ne da ta goya ni ina yaro. Mijinta ya daɗe da rasuwa, jikoki huɗu ne a hannunta, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta aiki yaro ya sayo wa baƙi ruwan sanyi da kuɗin da na san ba rara ba ne. Kafin a fara, matan maƙwabta biyu sun shigo gaisuwa, yara sun cika bakin ƙofa. Aka zo kan tambayar da ke cewa jiya sau nawa aka ci abinci a gidan nan. Na juya mata da Hausa. Ta gyara lulluɓi ta ce, "Alhamdu lillahi, ɗan nan, asirinmu a rufe yake." Yarinyar da ke rubutu ta duba takarda, babu gurbin wannan amsa, daga ɗaya sai biyu sai uku. Ta roƙe ni in sake tambaya. Na ce, "Inna, lamba suke so." Ta dubi matan da ke tsaye, ta dube ni, sannan ta ce, "To, uku."

Na san ba uku ba ne. Daga gidanmu ake kai mata kwanon tuwo bayan isha'i, a rufe cikin zane don kada a gani. Na san ta sayar da tunkiyarta kafin azumi. Amma da wane baki zan tona asirin uwata a gaban maƙwabta? Na ce wa yarinyar uku, ta rubuta uku. Har yau ukun nan na ci mini rai, domin ya tafi ya shiga kwamfuta, ya haɗu da ɗaruruwan irinsa, ya zama jadawali a cikin kundin da aka kare a gaban malamai aka ba shi maki.

Ban raina ƙididdiga ba, kada a yi mini mummunar fahimta. Ita ce ta nuna wa duniya abin da muka daɗe muna faɗa ba a saurara. Binciken rayuwar iyalai da hukumar ƙididdiga ta Kamaru ta yi a 2014 ya ce kashi 37.5 cikin 100 na 'yan ƙasa talakawa ne, amma a jihar Arewa Mai Nisa kashi 74.3 ne, a jihar Arewa 67.9, alhali a Yawunde da Duwala ko kashi 6 bai kai ba. Wanda ya biyo bayansa, na 2021 zuwa 2022, ya ja layin talauci a kan sefa 813 a rana ga mutum ɗaya, kuma har lokacin kusan mutum bakwai cikin goma a Arewa Mai Nisa na ƙasa da layin. Gwamnati ta yi alkawari a tsarinta na raya ƙasa cewa kafin 2030 talauci zai sauko ƙasa da kashi 25. Shekarun na ƙarewa, mu da ke nan muna ganin tazarar da ta rage.

A wannan yankin da ya fi kowane talauci yanzu akwai jami'o'in gwamnati uku. Ta Ngaundare da ke Dang tun 1993, ta Marwa tun 2008, ta Garwa kuma tun 2022. A zamanin yayyenmu mai neman digiri sai ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Yanzu ɗan Mokolo da 'yar Yagwa na karanta ilimin zamantakewa da tattalin arziki da dabarun raya karkara a ƙofar gidansu. Wannan ni'ima ce, na yi murna da ita. Abin da nake nema shi ne jami'o'in nan su ɗauki horar da ma'aikatan kula da jin daɗin jama'a, waɗanda muke ce wa mutanen sosiyal, a matsayin babban aikinsu, kuma su yi horon a cikin unguwa, shekara da shekaru a wuri guda, maimakon leƙen kwana uku da takarda a hannu.

Dalilina na farko shi ne abin da ya faru a kan tabarmar tsohuwar nan. Talaucinmu mai kunya ne. Bahaushe da Bafillace da Babarbare duk an raine su a kan cewa bayyana yunwa zubar da mutunci ne. Alƙur'ani kansa, a Suratul Baƙara aya ta 273, ya siffanta mabuƙatan da wanda bai sani ba zai ɗauka mawadata ne saboda kamun kansu, ba sa nacewa mutane da roƙo, sai dai a gane su da alamarsu. Gane alamar nan ilimi ne, kuma ana koyonsa. Mai unguwa nagari ya iya shi, ungozoma ta iya, mai kantin da ke riƙe da littafin bashi ya fi kowa iyawa. Shi ya san gidan da aka daina sayen sabulu aka koma rabi, da matar da ta daina aiko yaro da safe sai bayan magariba. Ɗalibin da ya yi shekara uku yana haddace ra'ayoyin masanan Faransa bai taɓa zama minti goma da mai kantin nan ba. In ya fito aiki aka ce ya tantance mabuƙata, masu baki ne za su cika masa jerin sunaye, masu kunya su koma gida.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin kuɗi na bin jerin sunayen. Shirin tallafin kuɗi ga gidaje marasa ƙarfi da gwamnati ta soma a 2013 da taimakon Bankin Duniya, wanda aka fara gwadawa a Sulede-Ruwa kusa da Mokolo, ya riƙa ba gida sefa 360,000 a cikin shekara biyu. Ga macen da jarinta bai wuce mudun gyaɗa goma ba, wannan kuɗi na iya sauya rayuwa. Wa ke shiga jerin, wa ake tsallakewa? Bayan shekara biyun, akuyar da aka saya ta haihu ko an sayar da ita ranar da yaro ya kwanta asibiti? Mai amsa irin waɗannan tambayoyi sai wanda ke nan kafin kuɗin su zo, yana nan kuma bayan sun ƙare. Ƙungiyar agaji takan naɗe tabarmarta in kwangila ta ƙare, jami'a kuwa ba inda za ta.

Sai maganar harshe, wadda ni a ganina ita ce ƙashin bayan komai. Da Faransanci ake karatu, da shi ake tsara tambayoyi, da shi ake rubuta sakamako. Talauci kuwa da Fulatanci yake magana a kasuwar Marwa, da Mafa a duwatsun Mandara, da Larabcin Shuwa da Kotoko a Kuseri, da Tufuri da Masa da Musgum a bakin kogin Logon, da Hausa a unguwanninmu. Ranar da na yi tafinta na ga yadda kalma ɗaya ke ɓata lissafi. Takarda na tambayar "shugaban iyali" da adadin mutanen da ke ƙarƙashinsa. A gidan da muka shiga daga baya, ƙofa ɗaya ce, amma tukunya uku ake ɗorawa: ta maigida da matansa, ta ƙaninsa, da ta wata gwauruwa 'yar'uwarsu da ke ciyar da kanta. Ga almajirai biyu da ke da kwano a gidan kullum, ga ɗan riƙo. Su waye iyalin? Yarinyar ta rubuta abin da ya shiga gurbi, sauran ya zube a ƙasa. Ya kamata a ce babu wanda zai karɓi takardar shaidar wannan fanni a jami'ar arewa sai ya iya zama da tsohuwa ya yi hira da ita a ɗaya daga cikin harsunan yankin ba tare da tafinta ba. Likita ba ya duba maras lafiya da kunnen aro, ma'aikacin jama'a ma haka ya kamata ya zama. Kuma a yawaita mata a cikin ɗaliban, don rabin labarin talauci na bayan labulen da namiji baƙo ba ya ɗagawa.

Abin da nake kira a yi ba sabo ba ne, da shi fannin ya fara. A 1884 aka buɗe wani gida mai suna Toynbee Hall a unguwar matalauta ta gabashin Landan, inda waɗanda suka gama jami'o'in Okisfod da Kambirij ke zuwa su tare, su zama maƙwabtan mutanen da suke son taimaka wa. Shekara biyar bayan haka, a 1889, Jane Addams ta buɗe irinsa a Cikago ta Amurka, kuma daga zaman nan ne aka tattara bayanan albashi da gidaje da aikin ƙananan yara da suka taimaka aka sauya dokoki. Zama ya zo da farko, bincike ya biyo baya.

Ba sai mun tafi Ingila neman misali ba ma. Marigayi Eldridge Mohammadou, masanin tarihi ɗan Kamaru, ya ƙare rayuwarsa yana bin fadojin lamiɓe, wato sarakunan Fulani, da zaurukan tsofaffi yana ɗaukar tarihi daga bakin masu shi, shi ya sa har yau ake komawa ga aikinsa. A farkon shekarun 1990 jami'ar Ngaundare ta ƙulla zumunci da jami'ar Turomso ta ƙasar Norwe a shirin Anthropos, wanda ya daɗe yana horar da 'ya'yan yankin su yi nazarin al'ummarsu da kansu. Sannan ga darasin fadamar Logon. Da aka gina madatsar Maga a 1979 don noman shinkafa, ruwan da ke malala fadamar duk shekara ya ragu, ciyawa ta mutu, kifi ya yi ƙaranci, makiyaya da masunta suka shiga wani hali. Sai da masu bincike, ciki har da na wata cibiya a Marwa da jami'ar Laidin ta Holan ta yi haɗin gwiwa da Kamaru a kanta, suka yi shekaru suna aiki da mutanen wurin, kafin a 1994 a buɗe wa ruwa hanya ya koma wani sashe na fadamar. Ciyawa ta dawo, shanu da kifi suka biyo ta. Ga binciken da talaka ya gani a cikin tukunyarsa.

Haɗin gwiwar da ta fi yawa a yau ba irin wannan ba ce. Tun da rikicin Boko Haram ya tsallako iyaka, aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo a 2013, Marwa ta cika da fararen motocin ƙungiyoyin agaji masu tambari. Sun ceci rayuka, ban musa ba, kuma sun ba matasanmu da yawa aikin yi. Amma dubi irin aikin. Ana tsara tambaya a wata ƙasa, a kawo ta a waya ko kwamfutar hannu, a ɗauki ɗalibanmu na sati biyu su cike, a kwashe amsoshin a tafi da su. Ɗanmu ya zama ɗan aike a binciken da ake yi kan mahaifiyarsa. Mutanen ƙauye kuma sun gaji. Duk wanda ya zo da biro sai su ɗauka rabon kaya ne zai biyo baya, in shiru ta yi yawa su daina faɗin gaskiya, ko su faɗi abin da suka lura baƙo na son ji. Jami'ar da ta san darajar kanta za ta gindaya sharaɗi ga duk mai son haɗa hannu da ita: a tsara tambayar tare, kwafin bayanan ya zauna a nan, kuma a koma wa mutanen da sakamakon.

Komawar nan ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali ita ta fi sauƙi. Kundayen bincike nawa ne ke jibge a ɗakunan karatu kan almajirai, kan auren wuri, kan matan da ke fasa dutse, kan manoman auduga da bashin taki? Mutanen da aka yi rubutun a kansu ko labari ba su ji ba. Me zai hana a ce kafin ɗalibi ya kare kundinsa a gaban malamai, sai ya fara kare shi a ƙofar gidan mai unguwa ko jauro, wato mai gari, da harshen mutanen, mata a gefe guda suna ji? A nan ne wani dattijo zai ce masa, "Yaro, wannan ba haka yake ba," ya gyara masa abin da farfesa ba zai taɓa ganowa ba. Gidajen rediyon al'umma na neman shirye-shirye, minti goma sha biyar a mako ya isa.

Ina kuma ganin an yi nisa da neman abokan hulɗa a ƙetare an manta na gida. Ƙananan hukumomi na da alhakin taimakon mabuƙata a ƙarƙashin tsarin raba iko, majalisun jihohi sun fara aiki tun bayan zaɓen 2020, kuma yawancinsu na buƙatar wanda zai gaya musu inda ciwon yake. Ga ƙungiyoyin manoman da ke hulɗa da kamfanin auduga na Sodecoton, ga masallatai da majami'u, ga uwayen adashi da ke juya kuɗin mata ba tare da takarda ba kuma ba a cika jin sun ci amana ba. Ga zakka. Duk shekara alhazan kasuwa na fitar da dukiya mai yawa, a raba ta jaka ɗai-ɗai a ƙofar gida, mai ƙarfin turereniya ya samu, washegari kowa ya koma inda yake. Da akwai sashen jami'a da malaman addini suka amince da shi, wanda ya san gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, da zai iya nuna wa mai zakka gidaje biyar da keken ɗinki ko injin markaɗe zai fitar da su daga layin karɓa. Uwar adashi da ungozoma da shugaban 'yan kilando, masu haya da babur, su ma a gayyace su aji su koyar, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami baƙo.

Wani abokina da ke koyarwa ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, maganarka gaskiya ce, amma da wane mai za mu kai ɗalibai ƙauye? Aji ɗaya ɗaruruwa ne, kuma ƙarin girma da maƙalar da ka buga a mujallar waje ake ba ka, ba da zaman zaure ba." Ban ƙaryata shi ba. Amma unguwar da ke bayan katangar jami'a ba ta buƙatar mai, da ƙafa ake zuwa. A fara da ita. Ɗaki ɗaya na haya, malami ɗaya mai lura, ɗalibai kaɗan da ke karɓar juna duk zango, da littafin da ke bin gidaje ɗari na tsawon shekara goma. Irin wannan littafin ne ma mujallun wajen ke nema ido rufe, domin ba kowa ke da shi ba. Maganar ƙarin girma kuwa, hukumomin jami'a ne suka rubuta ƙa'idar, su ne kuma za su iya sa aikin unguwa a cikin ma'auni.

Akwai masu cewa ma'aikacin jama'a ba ya gina hanya, ba ya tare ambaliya, ba ya korar 'yan bindiga. Haka ne. Hanyar Mora zuwa Kuseri ba da hira za a gyara ta ba, ruwan da ya ci Yagwa a 2024 ma ba nasiha ce za ta mayar da shi ba. Sai dai ku tuna rikicin Logon-Birni na 2021 tsakanin masunta Musgum da makiyaya Larabawan Shuwa, wanda ya tura dubun dubatar mutane tsallaken kogi zuwa Cadi. A kan ruwa ya tashi, a kan ramukan da masunta ke haƙawa don tare kifi, shanu na faɗawa ciki. Irin wannan wutar takan daɗe tana hayaƙi kafin ta kama, kuma mazauna wurin na ganin hayaƙin. Wanda aka horar ya saurara, yake kuma da hanyar isar da abin da ya ji ga masu iko, aikinsa na da alaƙa da tsaro da abinci kai tsaye.

'Yar ƙanwar tawa ta sake dawowa hutu bayan wata shida, wannan karon ba takarda. Ta riƙa zuwa wurin tsohuwar da la'asar tana taya ta ɓarar gyaɗa. A zuwa na uku ne tsohuwar ta gaya mata abin da ke hana ta barci, wanda ba ya cikin tambayoyi arba'in ɗin da aka yi mata: babban jikanta ya kai ajin ƙarshe na firamare, an ce ba zai zauna jarrabawa ba don ba shi da takardar haihuwa. A gida aka haife shi, lokacin rajista ya wuce, sai an bi ta kotu, ita kuwa ko ƙofar kotu ba ta san inda take ba, tsoronta ma take ji. Yara irinsa ba su ƙirguwa a arewacin ƙasar nan. Yarinyar ta ɗauki maganar. Ta nemo shaidu, ta kai yaron asibiti aka ƙiyasta shekarunsa, ta yi ta safa da marwa tsakanin kotu da ofishin magajin gari, ni na biya kuɗin takardun. Jarrabawar shekarar ta wuce shi, ya zauna ta shekara mai zuwa, ya ci.

Ba a ba ta maki ko ɗaya a kan wannan ba, don ba ya cikin manhaja. Ranar da ta kai takardar, tsohuwar ta juya ta gaba da baya duk da ba ta karatun boko, ta naɗe ta a leda ta tura ƙasan akwati. Sannan ta ɗago ta ce da ni, "Ɗan nan, yaran nan biyu da suka rubuta sunana rannan, sun isa gida lafiya? Me aka ce a kan maganar tamu?"